Daga igwar Tanimun zuwa matatar Soraz: inji ana sayensa, sani sai an rene shi

A wannan mako filinmu zai yada zango a Damagaram, domin mu duba wata tambaya wadda ta shafi ɗan kasuwar da ya tara ƴan kuɗinsa yana niyyar kafa masana'anta, ta kuma shafi ma'aikacin gwamnatin da takardun masana'antar za su bi ta kan teburinsa. Tambayar ita ce: me ke sa wani kamfani mai aiki da inji da sabuwar dabara ya girma har ya ga jikokin mai shi, wani kuma ya mutu tun fentin injinsa bai koɗe ba?

Da yawa daga cikinmu za su ce jari ne, wasu su ce sa'a. Amma in aka bi tarihin wannan gari tun daga zamanin sarakuna zuwa yau, za a ga amsa guda tana ta maimaita kanta. Inji haja ce, duk mai kuɗi yana iya sayensa ya ɗoro shi a mota. Sanin yadda za a tafiyar da shi, a gyara shi, a ciyar da shi, a kuma sake shi in zamani ya juya, wannan ba ya cikin akwatin da injin ya zo. A gida ake renonsa kamar yadda ake renon ɗa, kuma kamfani ba ya wuce girman sanin da ke cikinsa.

Abin da Tanimun ya gane

Mu fara da Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya riƙe Damagaram tun daga farkon shekarun 1850 har rasuwarsa a 1884. Kowane ɗan makaranta ya san shi ne ya kewaye Birni da garu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, a zamaninsa ne Zinder ta zama gari inda ake zubin igwa, ake haɗa albarushi, ake gyaran bindiga. Marigayi André Salifou, ɗan garin nan wanda ya shugabanci Taron Ƙasa na 1991, ya yi bayanin wannan daula cikin littafinsa da ya fito a 1971, kuma ya kamata duk mai son sanin asalin ƙarfin Damagaram ya neme shi.

Sarakuna da yawa na wancan zamani sun mallaki bindiga. Ayarin Abzinawa yakan sauka a Zango da kayan Tarabulus, bayan ya ratso Gat da Abzin da Damargu, kuma duk wanda ke da abin biya yana iya saye. Sai dai bindigar da babu albarushi sanda ce, wadda kunamarta ta karye kuwa ko sandar kirki ba ta kai ba. Sarkin da ya dogara ga ayari, in ayari ya makara wata shida, to ƙarfinsa ma ya makara wata shida. Tanimun ya gane haka. Ya tara maƙera ya ba su aiki na dindindin. Abin da ƙasa ba ta da shi, irin su farar wuta, ya sa ayari ya riƙa kawowa. Abin da take da shi kuma, gawayi da hannun gwani, aka yi da na gida. Ya kuma ware rundunar ƴan bindiga wadda aikinta ke nan, domin makamin da ba a saba da shi ba, ranar yaƙi kaya ne kawai. Da wannan tsari Damagaram, wadda ke kai gaisuwa Borno, ta yi ƙarfin da Muniyo da ƙasashen Sosebaki suka shiga ƙarƙashinta, Kano ma ta riƙa kwana da ido ɗaya.

Ba za mu rufe gaskiya ba: dukiyar da ta ɗauki nauyin wannan aiki ta fito daga haraji, da cinikin fatu da gashin jimina, da kuma hare-hare da cinikin bayi, abin da babu mai hankalin da zai yi alfahari da shi a yau. Darasin da muke nema a nan na tsari ne. Mutumin ya haɗa kayan aiki da masu sani da hanyar samun abin da aikin ke ci, duk a inuwa ɗaya.

Amma labarin yana da kashi na biyu, wanda ya fi na farko ɗaci. Shekara 15 bayan rasuwar Tanimun, a ƙarshen watan Yuli na 1899, rundunar ɗansa Sarki Amadu Kuran Daga ta gamu da sojan Faransa a Tirmini, yamma da gari. Mutanen Damagaram sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ba zuciya suka rasa ba. Bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki ce ta tarar da wadda ake sa wa harsashi ta baya, mai harbi sau da yawa kafin waccan ta gama ɗuri ɗaya. A cikin shekarun da maƙeran Birni ke maimaita abin da suka iya, masana'antun Turai sun sake bindiga ɗungum, kuma tun 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burusal domin toshe hanyar sababbin makamai zuwa wannan yanki na Afirka. Dabarar da ta ɗaukaka Damagaram a zamanin uba ba ta cece ta a zamanin ɗa ba.

Kada wani ya ce wannan ciwo namu ne mu kaɗai. Kamfanin Kodak na Amurka, wanda fim ɗinsa ya cika shagunan masu hoto na duniya har da namu, injiniyansa ne ya fara ƙera kyamarar da ba ta bukatar fim, a 1975. Shugabannin kamfanin suka ji tsoron kada sabon abu ya kashe cinikin tsohon, suka yi ta jan ƙafa har wasu suka wuce su. A 2012 Kodak ya kai kansa kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi.

Gero da injin Sotramil

Mu dawo gida, bayan samun mulkin kai. A 1967 aka kafa kamfanin Sotramil a Zinder, da taimakon FAO, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Niyyar mai kyau ce ƙwarai. Garin gero ba ya ajiyuwa, domin man da ke cikin ƙwayar yakan sa shi ɗaci cikin ƴan kwanaki; shi ya sa matanmu ke surfe da daka kullum. In inji ya iya surfa gero ya niƙa shi ya zama gari mai daɗewa, har a yi taliya da biskit da shi, to an rage wa mata wahala, an rage sayen alkama daga waje, manomi kuma ya sami mai saye. Ta fuskar fasaha an yi abin a zo a gani, har masana na wasu ƙasashe suna ambaton hanyar niƙan Sotramil cikin rubuce-rubucensu.

Duk da haka garin Sotramil bai kori turmi daga gidajen Damagaram ba, kuma dalilan ba a cikin injin suke ba. Inji ba ya cin alkawari, gero yake ci, kowace rana. A ƙasa mai damina ɗaya, wadda ta ga farin 1973 da na 1984, duk shekarar da hatsi ya yi ƙaranci bakin mutum ya riga bakin inji. Sa'an nan cinikin hatsi a wancan lokaci yana ƙarƙashin farashin hukuma da ofishin OPVN, alhali manomi ya san abin da buhunsa zai yi a kasuwar kan iyaka. Ga kuma batun mai saye, wanda ya fi duka nauyi. Uwargidan da ke da gero a rumbu ba ta ga dalilin sayen gari a ƙunshe ba, musamman da ƙananan injinan niƙa suka bazu unguwa-unguwa: ta aiki yarinya da ƙwarya, a niƙa mata geron da ta sani a kan kuɗi kaɗan, ta tuƙa tuwonta yadda harshen gidanta ya saba. Ƙaramin injin ya shiga cikin al'adar mutane ya zauna, babban kuwa ya tsaya yana jiran mutane su sake al'ada saboda shi.

Ban da abin da inji ke ci, akwai abin da ke tayar da shi in ya faɗi. Ƴan kasuwar da suka ga ranar 12 ga Janairu 1994 ba su manta ba. Dare ɗaya aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ƙarfen gyaran da ake saye jika 50 ya koma jika 100. Wanda ke da makanikin da zai iya ƙera madadi ko ya farfaɗo da tsohon ƙarfe ya ci gaba da aiki, wanda kullum sai ya aika Faransa ya rufe ƙofa. Haka aka sake gani a watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, abin da ya kai har farkon 2024. Mai walda da mai ƙanƙara da mai niƙa a Zinder da Maraɗi duk sun koyi cewa igiyar injinsu a Katsina ta ƙare. Ruwa kuwa ba sai an faɗa wa mutumin Damagaram ba: ƙarancinsa na cikin dalilan da suka sa Faransa ta ɗauke babban birni daga Zinder ta kai Yamai a 1926.

Matata da makullinta

Babbar masana'antar da jihar Damagaram ta taɓa gani ita ce matatar mai ta Soraz, kusa da Bakin Birji a kan hanyar Tanut, kimanin kilomita 50 daga Zinder. Shugaba Tandja Mamadou ya aza tubalinta a watan Oktoba na 2008, Shugaba Issoufou Mahamadou ya buɗe ta ranar 28 ga Nuwamba 2011. An shimfiɗa bututu mai tsawon fiye da kilomita 460 domin kawo mata ɗanyen mai daga Agadem, an gina ta domin tace ganga dubu 20 a rana, aka kuma raba hannun jari, kashi 60 cikin 100 ga kamfanin CNPC na ƙasar Sin, kashi 40 ga gwamnatin Nijar. Ƙasar da a da kowace litar fetur da gazuwal sai ta shigo da ita ta wayi gari tana sayar wa maƙwabta. Wanda ya raina wannan bai yi adalci ba.

Amma a duba abin da ya biyo baya. A 2015 na'ura guda ta lalace, matata duka ta tsaya makonni. A watan Maris na 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen mai na ƙasar. Dalili shi ne, tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, man da ake shigowa da shi ta bayan fage a sayar a kwalabe ya yi tsada ya ragu, jama'a suka koma gidajen mai, matatar da aka auna da bukatar 2011 ta kasa ƙosar da bukatar 2025. A cikin wannan watan kuma gwamnati ta umarci shugabannin kamfanonin mai uku ƴan ƙasar Sin, har da na Soraz, su bar ƙasar, ta kafa hujja da tazarar albashi tsakanin ma'aikata baƙi da ƴan ƙasa. Wato fiye da shekara 13 bayan yanke ƙyalle, ba a gama jayayya ba kan wa ya san aikin, wa ke riƙe da makullinsa, nawa ne kuma ladansa.

Wasu sun bi wata hanyar. A 1968 Koriya ta Kudu ta kafa kamfanin ƙarfe na Posco, da kuɗi da fasahar Japan. Kafin tanderun farko ya kama wuta a 1973, an riga an tura ma'aikata da yawa Japan sun tsaya gaban irin wannan tanderu sun koyi aikin da hannunsu, kuma duk lokacin da aka faɗaɗa masana'antar sai rabon baƙi cikin aikin ya ragu, na ƴan ƙasa ya ƙaru. Mu ma ba mu rasa inda za mu fara ba. Zinder tana da jami'a tun 2010, wadda ke ɗauke da sunan André Salifou, da sashenta na koyar da fasaha, Maraɗi kuma tana da tsohuwar makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa. Daga ajin jami'a zuwa ƙofar matata bai kai tafiyar awa biyu a mota ba.

Darasin dilo

Akwai kuma misalin da ya fara daga ƙasa. A 2014 wani ƙaramin kamfani mai suna Sahara Sahel Foods ya fara aiki a Zinder. Bai zo da wani inji mai ban tsoro ba. Ya ɗauki abin da kowace tsohuwa a Damargu ta sani: hanza, wadda ake jiƙawa kwanaki ana zubar da ruwa har ɗacinta ya fita ta zama dilo, abincin da ya raya mutane a shekarun yunwa, da aduwa da magarya da goruba. Abin da ya ƙara shi ne tsabta da awo da ƙunshi mai kyau, da fitar da mai daga ƙwallon aduwa, da gari da abin sha iri-iri. Itatuwan nan ba su jiran damina mai albarka kafin su yi ƴaƴa, matan ƙauye kuma su ke tsinta su sayar wa kamfanin, saboda haka abin da injin ke ci yana kusa, masu saninsa ma suna kusa. Wahalarsa ita ce ta koya wa ɗan birni ya ci abin da yake ganin na talauci ne ba tare da kunya ba, kuma ƙaramin kamfani yana iya yin wannan sannu-sannu, domin babu bashin miliyoyi da ke korarsa. Ba mu ce kowa ya koma sayar da dilo ba. Muna cewa sabuwar dabara ta fi kama ƙasa in ta hau kan sanin da ta tarar.

Ga Alhaji, ga Malam na ofis

To, Alhaji, kafin ka sa hannu a kan odar inji daga Dubai ko ƙasar Sin, ka zauna da alƙalami. A ce ka sayi injin matsar man gyaɗa na sefa miliyan 24 da bashin banki na shekara 4. Kowane wata sai ka biya jika 500, ban da kuɗin ruwa. In gyaɗar da ka iya tanada ta wata 4 ce, to wata 8 inji na barci bashi na farke, kuma kowane watan aiki sai ya ɗauki nauyin miliyan ɗaya da rabi kafin ka ga ko dala ta riba. Ƙaramin injin da zai yi aiki shekara cur ya fi maka wannan. In ya cika ya batse, masu saye suna jira a ƙofa, sa'an nan ka ƙaro na biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka tambayi mai sayar maka: in ƙarfe kaza ya karye, a Kano zan same shi ko sai an hau jirgi? Ka tura yaronka ya tsaya wurin ɗaura injin tun daga ƙusa ta farko, kuma kada ya zama yaro ɗaya, domin sanin da ke cikin kai ɗaya yana iya tafiya da zazzaɓin dare ɗaya, ko da albashin maƙwabci. Makanikin da ya iya, ka biya shi kamar wanda ya iya, in da hali ka ba shi ɗan kaso cikin riba. Shi ne maƙerin fadarka. Ka saurari wanda ke tsaye gaban inji, domin shi ke fara jin ƙarar da ta sake, kuma yawancin gyare-gyaren da ke rage asara daga bakinsa suke fitowa. Ka raba aljihun kamfani da aljihun gida, ka sa a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Ka ware wani abu kaɗan kowace shekara domin gwajin sabon abu, ko da tsohon yana ci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma tun kana da ƙarfi ka shirya wanda zai gaje ka, ka rubuta yadda za a riƙe kamfanin bayanka. Gidajen kasuwanci nawa muka gani a Damagaram da Maraɗi da Kano waɗanda suka watse ranar rabon gado, aka sayar da inji a farashin ƙarfe?

Kai kuma Malam na ofis, rabonka ba ƙarami ba ne. Ranar da ake rubuta kwangila da baƙon kamfani ita ce ranar da ake yanke ko ƙasa za ta sami sani ko gini kawai za ta samu. A rubuta baƙi da fari: ƴan ƙasa nawa za a horar, a wane matsayi, zuwa wace shekara za su karɓi wane makulli, littattafan na'urori su zo cikin harshen da ma'aikatanmu ke karantawa, ɗalibanmu su sami ƙofar shiga koyon aiki. Sa'an nan a bi sawu kowace shekara, kada a jira sai rai ya ɓaci. A duwan kuma, ƙarfen gyaran da ya kwana wata biyu yana jiran hatimi ya fi haraji cutar da masana'anta, domin ma'aikata suna zaune ana biyansu, masu saye kuma sun koma wani wuri. In gwamnati ta sayi kaya wurin ƙaramin kamfani, ta biya shi da wuri. Babba yana iya jira, ƙarami jiran ne ke kashe shi.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ba laifi ba ne a yi aro, Tanimun ma ayari ne ya kawo masa bindigar farko. Abin tambaya ga kowane mai masana'anta da kowane mai sa hannu a madadin ƙasa shi ne: in mai aron ya naɗe kayansa gobe da safe, mutum nawa ne a gidan za su iya tayar da inji? Duk wanda amsarsa ta ba shi tsoro, to ya san aikin da ke gabansa a wannan shekara.

Allah ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.